Idon Hagu na Baba Tela

A asibitin ido kowa Sista yake ce mata, kuma kowa yana shakkarta. A ɗakin gwaji ta ƙarar da ƙuruciyarta, tana ɗiga wa mutane magani, tana haska musu ƙwayar ido, tana yi musu faɗa. Duk wanda ya zo da idon da aka matsa wa ruwan ganye, sai ta wanke shi tas kafin ta wanke idon. Abin haushi, majinyacin da ya gagare ta a gidansu yake, kuma shi ya haife ta.

Baban nata tela ne mai yawan tasbihi. Tun tana yarinya ta san shi ƙafa a kan keke, baki yana motsi. Da tsufa ya zo, zare ya daina shiga allura, baƙin yadi da shuɗi suka zame masa ɗaya. Maimakon ya damu, sai ta tarar da shi wata safiya yana ta murmushi.

"Uwata," haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "an yi mini buɗi. Duk abin da na kalla, haske nake gani kewaye da shi. Fitila, taga, har mutane. Naki ya fi na kowa."

"Baba, yanar ido ce. Ita ke warwatsa haske a cikin ido. Kullum sai na ga irinta a wurin aiki."

"Ke kin san sunanta. Ni na san abin da nake gani."

Kai, ranta ya ɓaci! Ta ɗauko idon roba da suke koya wa ɗalibai da shi, ta buɗe shi gida biyu a kan tabarma, ta yi bayani har makogwaronta ya bushe. Tsohon ya shafa, ya jinjina hikimar Allah, sannan ya ce, "To, wa ya aiko yanar?" Ga kuma abokansa tsofaffi, masu ƙara wa Borno dawaki ba su kai su ba wajen zuga, sun mayar da ƙofar shagon wurin ziyara, kowa na so a duba masa nasa hasken. Shi kuwa mai buɗi yana zuba shayi a gefen kofi.

Ranar da ya yi karo da ƙyaure ya fasa goshi, tana ɗaure masa ciwon hawaye suka zubo mata don takaici.

"In ka bar yanar nan ta ƙosa, hasken ma tafiya zai yi, Baba. Duhu za a bar ka da shi."

Hujjojinta ba su taɓa karya shi ba, amma kukan ya karya shi. Ya yarda a yi masa aikin ido.

A ƙa'idar aikin, ido ɗaya ake fara yi, sai ya warke a yi ɗayan. Aka fara da na dama. Da ta cire masa bandeji washegari, ya daɗe yana kallonta.

"Ashe kin yi furfura, Uwata."

"Hasken fa?"

Ya rufe na hagu da tafin hannu, ya duba taga, ya duba ta. Sai ya yi maza ya sauke hannun.

Kafin wata ya zagayo ya koma kan kekensa, yana zura zare da kansa. Ta zo da murna ta gaya masa an sa ranar yin na hagu. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Na dama naki ne, na ba ki. Da shi nake ɗinki, da shi nake tsallake kwata. Na hagu ki bar mini."

"Baba, mutuwa fa zai yi!"

"Ni ma haka."

Ta kai ƙararsa wurin likita, ta tara masa ƙannenta, ta yi fushi ta ɗauke ƙafa, ta gaji ta dawo. Har yau ba ta daina mita ba. Duk zuwa sai ta haska idon da 'yar tocilanta, ta ga yanar ta ƙara kauri, ta ja tsaki, ta ce ba ta taɓa ganin taurin kai irin nasa ba.

Sai dai in ta kawo masa abinci, ta hagunsa take zama. Ƙanwarta ta taɓa tambayarta dalili, ta ce wai can ne tabarmar ta fi faɗi.