Sawun Ƙwallon Mai Faci

Ni ban taɓa buga ƙwallo ba, in ban da wata rana ina saurayi da na kai mata ƙafa na sami ƙaurin ɗan mai unguwa. Makaranta ma aji uku na yi aka ce in je gida in huta, kuma har yau hutun nake. Duk da haka ni ne uban ƙungiyar ƙwallon ƙauyenmu, don filin da ake bugawa gonata ce.

Ƙauyen namu yana gefen hanya, in ka baro Ƙanƙara ka nufi Sheme. Da an yanke dawa an kwashe kara, sai samari su zo da fartanya su baje kunyoyi, su kafa itacen bedi biyu gabas, biyu yamma. Raga babu. A sama igiya ake ɗaurawa, ita ma ba ta daɗewa wata mata za ta aiko a kwance mata, wai ta gugarta ta tsinke. Saboda haka cin ƙwallo a wajenmu aiki biyu ne. Akwai bugawa, akwai kuma a yarda ta shiga, kuma na biyun ya fi wuya.

Nan aikina yake. Ina shimfiɗa buhu a bayan gidan baƙi, wato itatuwan da ƙungiyar da ta zo ke tsaro, in zauna, duk ƙwallon da ta wuce sai a juyo: "Baba, ta shiga?" Furfurata aka duba aka ba ni wannan matsayi, ba a duba idona ba. Idon nawa kuwa, in mutum ya taho daga nesa, sai ya yi sallama nake sanin namiji ne. Ƙwallon da ta bi sama ba ganinta nake ba, iskarta nake ji. Sai in yi shiru kamar mai nazari, in saurari ɓangaren da ya fi ihu, in ba su gaskiya. Wata shekara na yi wa 'yan wajen Faskari haka, ashe ɓangaren da bai yi ihu ba shi ya zo da sanduna. Ranar na gane har yanzu ina iya gudu.

Mutum ɗaya ne bai taɓa jefa ni cikin irin wannan ba, mai facin taya na bakin titi. Magidanci ne, da 'ya'yansa, da ɗan tumbinsa. Ba ya gudu. In ana wasa za ka gan shi yana yawo kusa da gidan baƙi, hannu a ƙugu, kamar wanda ya zo duba gonar da za a sayar. 'Yan baya sukan manta da shi, wani lokaci har hira suke yi da shi a kan farashin taki. Can sai ƙwallo ta ɓallo daga cikin turmutsutsu, sai ka ga ashe inda za ta faɗo yake tsaye. Ya sa gefen ƙafa ya tura ta a hankali, ta gangara ta wuce gola ta zo har gaban buhuna ta tsaya.

Kusan kowane wasa sai ya ci ɗaya, in Allah ya buɗa biyu. Babu mai kyau a cikinsu. Ba a taɓa ɗaga shi sama an zaga da shi fili ba. Amma ƙasar gonata rairayi ce, ƙwallon da ta bi ƙasa tana barin sawu. In baƙi suka ce ba ta shiga ba, sai in tashi da sandata in ce su biyo ni. Mu duƙa mu bi sawun nan kamar masu neman akuyar da aka sace, tun daga inda ya taɓa ta har tsakanin itatuwa. Gardama ta ƙare, kowa ya koma wurinsa, ni ma in koma buhuna da mutuncina.

Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya ɗaga ta.

Ya ce, "Baba, in na ɗaga ta wa zai gani? Kai?"

Ban sake tambayarsa ba.

Bara waccan sai jikana ya dawo daga Funtuwa, inda ya je koyon walda. Ya dawo da takalmin ƙwallo ruwan ɗorawa da wani aski kamar fara ta ci gefen gona. Kuma a faɗi gaskiya, yaron yana da ƙafa. In ya daki ƙwallo har matan da ke sussuka sai sun ɗago kai. Tana tashi da ƙara, ta bi ta wani wuri tsakanin itatuwa da sararin samaniya, ta sauka a gonar maƙwabci. Shi kuma tuni ya cire riga yana zagaya fili.

"Tsoho, faɗa masu ta shiga!"

"Ta shiga ina, ja'iri? Garin Sabuwa?"

"Kai dai baƙin ciki kake don na ƙwace maka mata."

Matar da yake nufi kakarsa ce, tsohuwata, wadda tun yana zanen goyo take kiransa maigida, ni kuma in tana maganata ta ce wancan. A lissafinsa ya ci ƙwallaye da yawa a ranin nan. A lissafin sauran jama'a ana dai nan ana tattaunawa.

Ana haka aka gayyace mu wasa a wani ƙauye kusa da Damari, mutanen da suka zo har gonata suka cinye mu shekarar da mai faci ke jinyar basir. Kocinmu, wanda shi ne mai cajin waya a kasuwa, ya ce ɗan gaba ɗaya zai sa, don ya ga haka manya ke yi a gidan kallo. Samari duk jikana suke so. Suka ce mai faci ya tsufa, ba ya gudu, ba ya taya tsaro, kuma in aka je garin mutane da shi za a ɗauka direba ne. Koci ya rasa yadda zai yi. Mai faci ke yi masa facin babur, jikana kuma abokinsa ne. Sai ya zo ya durƙusa gabana.

"Baba, kai ne uba. Wanda ka ce shi za a sa."

Na ce ya ba ni zuwa gobe. Kafin in isa gida labari ya riga ni.

Tsohuwa tana tankaɗe ba ta ko ɗago ba. "Malam, na ji an ce kai za ka zaɓa."

"Haka suka ce."

"To mi ya rage? Maigidana ya sayi takalmi."

"Takalmin ba shi ke ci ba."

"Kai mi ka sani a ƙwallo? Kai da ka karya ɗan mutane?"

"Targaɗe ne."

"Wallahi in ka kunyata yaron nan gaban abokansa, kai da miyar kuka har damina."

Na san ba wasa take ba, don ta taɓa yi. Kuma ba miyar ce ta fi damuna ba. Yaron nan tun yana ƙarami a bayan kekena ya girma, shi kaɗai ne cikin jikokina yake zama ya ji ƙaryata har ƙarshe. Ya gaya wa kowa zai buga, har yarinyar da yake nema ta sani. In na ce ba shi ba, na san abin da zan rasa. Amma na yi ta juya abin, na ga can garin mutane ba ni zan zauna bayan gida ba, nasu tsohon ne zai zauna. Duk ƙwallon da ta tashi sama a gaban tsohon wani gari, sunanta ba ta shiga ba. Ni shaida ne, sana'ata ce.

Da safe na ce wa koci mai faci.

Jikana bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai daina ce mini tsoho. Ya koma "ina kwana, Baba", ya rusuna, ya wuce. Duk wanda ya san mu ya san zagi bai kai wannan ciwo ba.

Ranar wasa muka hau a-kori-kura da hantsi, don a shekarun nan ba mai son yamma ta yi masa a waccan hanya, wasan ma da an sauko azahar aka ce za a fara. Jikana ya zo, takalmin rataye a wuya, ya zauna can ƙarshen mota yana kallon daji. Mai faci kuwa ya yi barci tun kafin mu wuce Faskari.

Muna isa na je duba fili. Ba gona ba ce. Fako ne na bayan makaranta, jan ƙasa mai tauri kamar daɓe. Na ja sandata a kai, ko alama ba ta nuna ba. A bayan gidansu kuma ga tsohonsu a kan kujerar roba, da carbi, da tabarau mai kauri. Muka gaisa. Ina ganin yadda ya miƙo hannu ya kama iska kafin ya sami nawa, na san ɗan'uwana ne a sana'a.

Aka fara. Suka matsa mana, golanmu ya yi ta faɗuwa kamar mai farfaɗiya. Mai faci yana can yana yawonsa. Ana dab da hutu ƙwallo ta ɓallo, ya sa gefen ƙafa, ta gangara ta shige kusa da turken dama. Wannan ni ma na gan ta, don a ƙasa take. Muka tashi da ihu. Aka juya wajen tsohonsu. Ya yi shiru kamar mai nazari, ya saurara, sannan ya ce ta bayan itace ta bi.

Na tashi da sandata don a bi sawu, na tuna babu sawun. Na ce, "Haba Alhaji, a ji tsoron Allah."

Ya ce, "Malam, kai ka gani daga can?"

Na ce na gani.

Ya ce, "To idonka ya fi nawa. Amma nan ni ke zaune."

Na koma na zauna, don da ni ne haka zan yi.

Da aka tafi hutu samari suka yi wa koci caa, a sa jikana, tunda dabarar tsofaffi ta ƙare. Jikana kuwa ya fara ɗaura igiyar takalmi a inda zan gan shi. Koci ya dube ni. Ni kuma na dubi mai faci, yana zaune yana shan ruwan leda kamar ba da shi ake ba.

Na ce, "Kai, yanzu yaya? Ƙasar nan ba ta riƙe sawu."

Ya ce, "Na lura, Baba. A bar ni tukuna."

Na ce wa koci a bar shi. Jikana ya kwance igiyar da ya ɗaura.

Bayan hutu aka sauya gida, tsohon ya sa aka ɗaukar masa kujera ya bi mu can. Wasa ya yi nisa ba ci, na fara tunanin miyar kuka. Sai aka bugo kwana, aka yi cincirindo, golansu ya fito ya kama wuyan ɗan'uwansa a madadin ƙwallo. Ta faɗo gaban mai faci, gida a buɗe. Duk muka ce buga. Bai buga ba. Ya ɗora ƙafa a kanta ya tura ta kaɗan, ya bi ta, ya sake turawa, kamar mai kora tunkiya gida. Ya shiga tsakanin itatuwan shi da ita, ya kai ta har gaban kujerar roba, ya zauna a kanta. Ya ce wa tsohon, "Baba, sannu da hutawa."

Tsohon ya miƙa hannu ya shafa kansa, ya shafa ƙwallon, ya ce wannan kam ta shiga.

Da ita muka tashi. Ba wanda ya ɗaga mai faci sama, an gwada, an fasa. Muka kama hanya da sauran rana. Samarin da suka ce a cire shi suna ta ba juna labarin yadda suka san za a yi haka. Jikana yana ƙarshen mota, takalminsa ko ƙura bai taɓa ba. Na so in matsa kusa da shi, sai na ga ban san abin da zan ce ba, ni da ba a raba ni da magana.

Nasara ba ta hana ni miyar kuka ba. Tsohuwa ta ce ita ba ta ga abin murna a mutum ya zauna kan ƙwallo ba, ko ita za ta iya. Jikana ya ɗauki makonni yana gaishe ni da ladabi. Ya daina zuwa fili. In na ji ƙarar walda daga shagonsu sai in bi ta ɗaya hanyar.

Wata la'asar ina kan buhuna sai ga shi da takalmin, ya wuce ni ya je wajen koci. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga an fara wasa yana tsaye a baya, gaban golanmu. Ƙwallon farko da ta zo masa ya sa mata ƙafar nan tasa. Ta tashi da ƙara ta tsallake kowa, ta sauko can gaba, inda wani mai tumbi yake tsaye hannu a ƙugu. Ya sa gefen ƙafa ya tura ta. Ba wanda ya juyo ya tambaye ni komai sai da ta gangaro gabana.

Da aka tashi ya biyo ta wajena yana sharce gumi.

"Tsoho, ka gani ko sai an kawo maka ita ka shafa?"

Na ce, "Na ji ƙara dai. Na ɗauka tayar mota ce ta fashe."

"Rabin cin nan nawa ne."

"Je ka gaya wa matarka. Ka ce kuma na ce a sa kuɓewa yau."

Ya ce zai duba, amma kada in sa rai.