Ƙurar Bayan Kwaba

Shekarar da 'yata ta fari za ta gama jami'a, malamanta suka ɗora mata aikin da ban taɓa jin irinsa ba. Wai ta bi gidaje ta tara ƙurar ɗaki, a auna ko akwai gubar dalma a ciki, irin wadda yara masu rarrafe ke haɗiya. In babu ƙura, babu digiri. Na ce a raina, ashe duk wahalar karatun nan a shara za ta ƙare.

Ladabi ne ya cuci yarinyar. Ta bi maƙwabtanmu na unguwar Azuba gida-gida tana sanar da su gobe tana tafe. To wace mace za a ce mata baƙuwa na hanya ta zauna? Ko da ta isa da ɗan burushinta da ledoji, ko'ina ƙal, har turaren wuta aka sa mata.

Ta ce wa wata maƙwabciyarmu mai sayar da doya, wadda Hausa ba ta zauna mata sosai ba, "Mama, ai ƙurar nake nema."

"Abeg, 'yata, kai zai kai dattin gidana makaranta farfesa ya gani? Zauna ka ci doya."

Haka ta yi ta dawowa ciki cike, leda wayam. Uwarta kuwa ta fi kowa. Matata mace ce da ake kwatance da tsabtarta a unguwa, ko kalmar ƙura ba ta son ji a gidanta.

Lokacin miƙa aiki ya matso. Wata rana da la'asar na tarar da yarinyar a tsakar gida tana kuka. Raina ya ɓaci, na hau faɗa, ni kaina ban san da wa nake ba. Matata ta tashi ta sa wa ƙofar gida sakata, ta ce, "Malam, zo ka kama mini."

Muka ja kwabar da take jera kwanukan aurenta. Abin da ke bayanta sai wanda ya gani: ƙura ta kwanta kamar bargo. Matata ta kau da kai, kunya kamar ta nutse. Wallahi ban taɓa jin ƙaunarta irin ta ranar ba.

Ta ce wa 'yar, "Kwashe. Gobe ni zan raka ki, ba sanarwa. Na san inda kowacce ba ta sharewa."

Yarinyar ta durƙusa tana kwasa, tana dariya da hawaye. Uwar ta dafa kafaɗarta.

"Amma wannan, in farfesa ya tambaya, ki ce daga ɗakin babanki ne."