Kofi a Ofis, Sifili a Takardata

Shekarar da sojoji suka koma bariki ina aji biyu na babbar sakandare, a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo can wajen Ƙofar Sauri. Ajin kimiyya nake, kuma mu 'yan kimiyya ba mu da sararin numfashi. Darasi tara, kowane malami gani yake nasa ne kaɗai a duniya. A tashe mu ƙarfe biyu, in cusa abinci a tsaye, in zura hijabi sai Islamiyya, ga hadda tana jira. In dawo ga wanke-wanke, ga lissafi shafi uku. Duk da haka ina so, don likita nake son zama. Dokar makarantar kuwa a fili take: wadda ta faɗi kimistiri a ƙarshen shekara, a tattara ta a mayar ajin adabi.

Laifina ɗaya, ina da baki. Tun ina aji ɗaya aka jefa ni ƙungiyar muhawara, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin in ga na tsayar da ɗaki cik. To da farar hula suka hau, sai muhawara ta zama kamar ƙosai, kullum ana suya. Kowane sabon mai muƙami so yake a tara masa yara su gaya masa mulkin farar hula ya fi na soja, ya yi ta tafi. Ana tsakiyar darasi sai a leƙo a ce mataimakin shugabar makaranta na kirana. Bais muke ce masa. In fita, in dawo in tarar an goge allo, in ari littafin wata in yi ta kwafar abin da ban fahimta ba.

Malamin kimistiri dogo ne, ba ya dariya, amma ba azzalumi ba ne. Sinadaran ɗakin gwaji ba su da yawa, don haka gwajin hannu sau ɗaya yake yi a zango. Ranar da ya haɗa ruwan, ranar za a ƙarar da shi, kuma kusan rabin makin yana nan. Wadda ba ta zo ba sifili ne, sai fa in ta kawo takarda daga ofis.

A zango na uku ya sa gwajin ranar wata Laraba. Ita ce kuma ranar wasan ƙarshe na muhawarar makarantun gari. Na je na gaya wa Bais. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Haba ɗiyata, mi ne abin damuwa? Je ki, zan yi magana da shi."

Na wuce wajen malamin kimistiri na maimaita masa. Ya ce ya ji, amma in kawo a rubuce.

Na koma ofishin Bais, na durƙusa a bakin ƙofa. Na gaishe shi da aiki, na tambayi gajiya, na tambayi mutanen gida, duk da ɗazu na gaishe shi. Sai na kasa neman takardar. Mutumin nan sa'an Babana ne, sahu ɗaya suke sallah a unguwarmu ta Gobarau. Ta yaya yarinya kamata za ta dubi mai furfura ta ce ya rubuta abin da ya riga ya faɗa da bakinsa? Ai ka ce masa maƙaryaci ke nan. Da ya tambayi abin da ya dawo da ni, sai na ji bakina yana cewa na zo jin ƙarfe nawa motar za ta tashi.

Abin da ban sani ba, alhali duk malamai sun sani, shi ne Bais da malamin kimistiri sun fi shekara ba sa ga maciji. Ko sallama ba ta haɗa su. Da wane bakin zai yi magana da shi?

Muka je, muka ciyo kofi. Aka ɗauke mu hoto, Bais a tsakiya ya rungume kofin kamar jaririn da aka haifa masa. Bayan sati uku sakamako ya fito, sifili a gwajin hannu, jan biro a kimistiri.

Malamin kimistiri ya ce ya gaya mini, kuma in ya ɗaga mini ƙafa dole ya ɗaga wa kowa. Gaskiyarsa, shi ya sa ma na fi jin haushi. Bais kuwa ya ce wai ya aika, ɗan aiken ne bai isar ba, in yi haƙuri, haka Allah ya tsara mini. Wallahi na ji kamar in fasa ihu. Allah ne ya hana shi taka ƙafa ashirin zuwa ɗakin malamai?

Na kai kuka gida, ina tsammanin Baba zai sa hula ya tafi makarantar. Sai ya ce ba zai je ya tsitsiye mutumin da suke haɗa kafaɗa a masallaci ba, abin kunya ne. Ashe gadon abin na yi. Mu duka mun gwammace in rasa likitanci da a ce mun ba babba kunya.

Sabon zango ya same ni a ajin adabi, a kujerar baya, ba na yi wa kowa magana. Sati na uku sai ga Bais da kansa a bakin ƙofa, fuska a sake. Wani sabon babba ne zai zo, ana neman masu baki.

"Taso mana," ya ce. "Ai yanzu kin huta da kwalabe, kin samu lokaci."

Duk ajin suka juyo suna kallona. Ina da amsa, ni da na kayar da makarantu shida da bakin nan. Na rufe littafina, na gyara hijabi, na ce to Malam, na bi bayansa.