Mai kitson da Inna ta yarda da ita

Na shiga gidanmu a Nahuce, sai ga Inna a kan tabarma, an yi mata wanka, tana dariya.

Tun da ɓarin jikinta ya shanye ta hana ni taɓa ta. Ni ce 'yar fari, kunyata take ji. Har bayanta ya fara gyambo.

Na ja Larai gefe, ma'aikaciyar da ƙungiyar kula da tsofaffi ta turo daga Gusau. Na ce, "Ke nas ce?"

Ta ce, "A'a, Hajiya. Kitso nake yi kafin su horar da ni. Na gaya mata ba na kitsa kai sai an wanke. Daga kai muka gangara."

Wallahi yau hankalina ya kwanta. Ku masu jinyar iyaye, wa suke bari ya taɓa su?