Malam Sai-me da takardar autarsa

Shekara talatin ke nan Malam Sai-me yana buga wa mutane takardun ƙara a ɗan teburinsa na bakin kotu. Bakinsa ne ya jawo masa laƙabin, don duk wanda ya zauna gabansa sai ya ishe shi da "To, sai me ya faru?" Abu ɗaya ke damunsa: mutane kan karɓi takardarsu su shige ciki, ba mai dawowa ya ce ga yadda aka ƙare. Ya san farkon shari'a dubu, bai san ƙarshen ko ɗaya ba.

Da autarsa ta gama karatun lauya, shi ya buga mata takardar neman gurbin koyon aiki a wani ofishin lauyoyi. Sau uku yana yagewa saboda harafi ɗaya ya karkace.

Ranar da lauyoyin suka kira ta ganawa, ko takalmi bai bari ta cire ba da ta dawo.

"Me suka tambaye ki?"

"Baba, rabin labarin wani rikicin fili suka ba ni, wai in ba da shawara. Na ce sai na ji saura. Na yi ta tambaya har babbarsu ta ajiye biro, ta ce wa ya koya min wannan naci."

"To, sai me ya faru?"

"Sun ce sai mako mai zuwa."

Ya tuntsire da dariya.

"Mako ɗaya kacal? Zan jira. Wannan dai, ko ta yaya ta ƙare, ƙarshenta a gidana zai kwana."