Silifas Biyar a Ƙofar Tsuyako

A garinmu abu biyu aka san Tsuyako Monma da su: ɗinkin bakin tabarma da rashin ragawa. Mijinta Genzo ne ke haɗa tabarmar daɓe, mai kaurin nan da ake shimfiɗe ɗaki da ita bango zuwa bango, ita kuma ta bi gefe da allura. Shekara arba'in suna haka. Ko shugaban gunduma ne ya zo, a ƙofa zai tuɓe takalmi, in ya yi nawa ta tuna masa.

Tana budurwa aka kafa tashar nukiliya a bakin teku. Aka tara mutane a ɗakin taro aka haska musu fim: yara na dariya, fitilu na kamawa, wani mai farar riga na rantsuwa wai wutar nan ta fi madara tsabta. Ta tafa kamar kowa. Tafin nan har gobe yana ci mata rai.

Da ƙasa ta girgiza, teku ya hauro, tashar ta fashe, aka ce a fita na kwana biyu. Kwana biyun nan shi ya zama shekara shida. Genzo ya rasu a shekara ta uku, a ɗakin wucin gadi mai daɓen roba. In an ba ta izinin leƙa gida na awa biyu, sai an zura mata farar rigar kariya, an ɗaure takalmanta cikin leda, a haka za ta taka tabarmin da mijinta ya yi da hannunsa. Nan ta yi rantsuwa: in dai ta dawo, takalmi ya gama shiga gidan nan.

Ta dawo kuwa. Ta fitar da tsofaffin tabarmi, ta sa aka yi sababbi goma sha biyu, ta ɗinke bakinsu da kanta. Kullum da safe ta auna tsakar gida da na'urar gwajin guba, ta kira 'yarta Shiori a birnin Sendai ta faɗa mata abin da ta gani. So take a kawo mata jikarta Koharu, wadda rabonta da gidan tun tana shekara biyu.

"Mama, ba ke nake gudu ba," in ji Shiori. "Ki hau jirgin ƙasa ki zo ki gan ta mana."

"A gidanku baƙuwa ce ni. A nan nake kakarta."

'Yan silifas ɗin da yarinyar ta bari ran gudu, Tsuyako ta wanke su ta ajiye a bakin ƙofa. Kowace bazara ta sayo sababbi da suka ɗara na bara, ta jera kusa da su. Suka zama biyar, ba wanda ƙafa ta shiga.

Su kuwa 'yan fim tun kafin mu dawo suke zarya. Abu biyu kawai suke nema a wajenmu: ko jarumai masu farar riga suna ihu gaban na'ura, ko kango da saniya tana yawo kan titi. Tsohuwa na shanya kayan miya, ko yara uku a makarantar da aka sake buɗewa, wannan ba ya sa 'yan birni kuka, don haka ba fim ba ne. Da can an yi mana ƙarya da fim cewa ba abin da zai same mu, yanzu ana yi mana wata cewa mun mutu mun ƙare.

Wani darakta mai suna Kuroiwa ya zo, ya tuɓe takalmi tun kafin a ce masa, ya sunkuya har goshi na neman ƙasa.

"Iya, so muke duniya ta ga gaskiyar garin nan. Gidanki muke roƙo, na kwana uku."

Ba duniya ce a ranta ba, Shiori ce. In ta ga gidan fes a babban allo, ai bakinta ya mutu.

"Sharaɗi ɗaya, ɗan nan. Takalmi ba ya hawa tabarmata."

"Haba Iya, mu ma a kan tabarma aka haife mu."

Suka kai ta masauki wai don hayaniya. Da ta dawo gida a share yake tas, amma tana taka tabarma tafin ƙafarta ya ji tsakuwa cikin saƙar. Ta kira shi, ya ce leda suka shimfiɗa. Ta san ƙarya ce, ta haɗiye, don mai nema ba ya fushi.

Bayan shekara aka aiko mata tikiti uku. Ta zauna a silima a Sendai, Shiori a dama, Koharu a hagu. Sai ga gidanta. An yayyage takardar da ake liƙa wa ƙofofi, an watsa toka da busassun ganye, wasu ƙarti huɗu cikin fararen riguna suna tattaka tabarmarta da manyan takalma. A ƙarshe kyamara ta sauka a hankali kan 'yan ƙananan silifas, an baɗe su da ƙura, su kaɗai, an kwashe sauran huɗun. Kiɗa ya taso. Ko'ina sai jan hanci.

Tsuyako ta miƙe tsaye, a wurin da ko tari ba a yi.

"Ku bar kukan nan. Mai takalman nan ba ta mutu ba, ga ta nan, shekararta goma sha uku. Gidan ma da mutum a ciki, ni ce. Kai Kuroiwa, ina ledar?"

Ba wanda ya waiwayo. Haka suke, sun iya kuka da hoto, mai hoton ne ba sa iya kallo.

A waje Shiori ta riƙe hannunta, idonta ja.

"Na san gidan ba haka yake ba, Mama. Amma 'yan ajin su Koharu duk za su kalli wannan. In aka ji ta kwana a can, wane suna za su sa mata? Ba zan kawo ta ba. Ki daina tambaya."

Sai Koharu ta matso kusa da Tsuyako.

"Kaka, da gaske takalmana ne?" in ji Koharu.

"Naki ne. Akwai huɗu ban da su."

"Na ƙarshen lamba nawa?"

"Ashirin da biyu."

"Ashirin da uku nake sawa yanzu."

Kafin ta hau jirgi ta shiga shago ta sayi silifas lamba ashirin da huɗu. Da ta isa gida ta jera su a bakin ƙofa, na shida. Sannan ta ɗauko wuƙar Genzo, ta durƙusa, ta fara farke bakin tabarmar farko don ta fitar da tsakuwar ta sake ɗinkewa. Shekararta saba'in da huɗu, saura tabarma goma sha ɗaya.