Ƙahon Baba da Madubin Yaya

Gidanmu gidan wanzamai ne. Duk wanda ya tashi a Tsarnawa a zamanin ƙuruciyarmu, ko dai Baba ne ya yi masa askin suna, ko ya yi masa kaciya, ko kuwa ya taɓa kafa wa uwarsa ƙaho a baya. Ranar kasuwa mutane kan cika zaurenmu, riguna a tuɓe, Baba na bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya jiƙa wurin, ya kafa ƙaho ya zuƙa, ya cire ya tsattsaga fatar da 'yar aska, sannan ya mayar ya toshe bakin ƙahon. In ya ɗaga, sai ya juye baƙin gudan jini a kasko ya nuna wa mai shi, ya ce ga abin da ke cinsa. Mutum ya tashi yana miƙa yana sa albarka. Ban taɓa ganin wanda ya yi aikinsa da tsabtar zuciya kamar Baba ba.

Yayana shi ne ɗan fari, shi aka sa ran zai gaji zabira. Lakwal, wato makarantar boko, ta ɗauke shi, daga Konni sai Yamai, daga Yamai sai ƙetare, ya dawo mana da tabarau da saiƙo, wai ya zama masanin cututtukan jini. Da yake ɗan fari ne, Baba bai taɓa kiran sunansa ba, kuma bai taɓa zama sun yi hira ba. Ko aski ma ƙanen Baba ke yi masa, don Baba na jin kunyar kama kansa. In an tambaye shi labarin Yaya a zaure, sai ya kau da kai ya ce, "Wai an ce wancan ma jini shika ja." Amma ni da ke kai masa fura na sha ganin bakinsa ya ƙi rufuwa bayan ya faɗi haka.

Ni dai ban iya karanta abin da Yaya ke rubutawa ba, ko da yake na yi koyarwa a firamare har na gaji. Ya taɓa aiko mini da wani rubutunsa na Faransanci, na kai layi na uku barci ya kwashe ni, kuma na faɗa masa. Abin da na gane daga bakinsa shi ne, yaran da ke da amosanin jini, wanda 'yan tsallaken iyaka ke kira sikila, jininsu na saurin ƙarewa, sai an riƙa ƙara musu. To jiki ba ya mantuwa. In an yi ta sa masa jinin mutane iri-iri, wata rana sai ya fara ɗaukar sabon jinin a matsayin baƙon da bai yarda da shi ba, ya yi ta faɗa da shi. Yaya ya ƙarar da ƙuruciyarsa kan gano dalilin haka, da yadda za a zaɓi jinin da jikin yaro zai karɓa. Girman aikin kuwa a wurin ɗalibansa na gan shi. Na taɓa kai ɗiyata gidan likita a Konni, wata matashiyar likita ta ji daga gidan da na fito, sai ta miƙe tsaye ta ba ni kujerarta. Ta ce malaminta ɗalibin Yaya ne, don haka ita jikarsa ce. Na ce mata to ta yi haƙuri, kakan nata har yau bai iya ɗaura rawani ba.

Akwai abin da ba a magana a kansa a gidanmu, wato autanmu. Tun yana rarrafe hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura, idanunsa su yi rawaya, in sanyi ya shigo ya yi ta ihun ƙashi. Baba ya fi son sa a kan kowa, kuma duk lokacin da ciwon ya tashi sai ya ɗauko ƙaho ya cire masa abin da yake kira mataccen jini. Wata shekara bayan girbi aka yi masa ƙaho, ya yi fari fat, bai ƙara tashi ba. Yaya na kwaleji a lokacin. Ya zo gaisuwa ya koma, daga nan bai sake maganar zama injiniya ba.

Da ɗiyata ta zo da irin wannan ciwon, Yaya ne ya gano shi, shi ya tsara mana komai: yawan shan ruwa, gidan sauro, rigar sanyi, magani a kan kari. Duk da haka an ƙara mata jini ba sau ɗaya ba, har jikinta ya fara ƙin karɓa. Yaya ya gaya mini ƙarara cewa samun jinin da zai dace da ita ya zama wahala, don haka kada in bari ko ɗigo ya fita daga jikinta a banza. Mun daɗe muna ɓoye wa Baba tashin ciwon. In ya tashi a Malbaza inda nake aure, mu yi shiru har ya lafa.

Sai wata shekara muka zo gida yawon Sallah, ciwon ya kama ta a ɗakin Inna da hantsi. Yaya ma yana gari, yana zagayen ƙauyukan Illela da ɗalibansa suna duba jinin yara, ya tafi masaukinsu ɗauko mota. Kafin ya dawo sai ga Baba a bakin ƙofa da zabira a kafaɗa. Ya tsufa, amma ya riga ya zaɓo ƙaramin ƙahon da yake yi wa yara.

"Ɗiyag ga na kuka kuna kallon ta?" in ji shi. "Mataccen jini na. Tuɓe mata riga."

Ni mai baki ce, duk dangi sun sani, amma ranar bakin ya mutu. Na tsaya tsakaninsa da gadon kawai, ina cewa, "Baba ku dakata, ku dakata." Ta yaya zan ce wa mahaifina ƙahonsa zai iya kashe jikarsa? In na faɗi haka, na faɗi ɗayar maganar ke nan, wadda muka binne tare da auta. Ya ɗaga murya, abin da bai saba ba, ya ce ko na fi shi son ta ne.

Ana haka Yaya ya shigo. Ya dubi ƙahon, ya dube ni, ya durƙusa har ƙasa kamar yadda yake yi tun yana yaro.

"Baba, kahin ku kahwa, ku taho in gwada muku jinin. Ku kun hi ni daɗewa da ganin jini."

Baba ya juya ya nufi zaure. Yaya ya fara ba yarinyar maganin ciwo da ruwa, ya soki ɗan yatsanta ya shafa ɗigo a kan gilashi, ya ɗauko madubin aikinsa daga mota, irin wanda ke girmama abin da ido ba ya gani. A kan tabarmar da Baba ke aski ya girke shi. Ya ce a fara da jinin mai lafiya don a gwada. Baba ya ƙi allurar Yaya, ya ce shi ba a soke shi da kayan wani, ya tsaga yatsansa da askarsa.

An sha fama kafin ya ga wani abu. Da farko ya ce gashin idonsa kawai yake gani, sannan ya rufe idon da ya kamata ya buɗe. Ba don halin da muke ciki ba da na yi dariya har na faɗi. Can sai ya ce yana ganin wasu abubuwa kewayayyu, cike da wuri kamar an baza wake a tabarma. Yaya ya ce jinin Baba ke nan. Ya canza gilashin ya sa na yarinyar.

Baba ya daɗe a kai. "Wanga ai bai da yawa," in ji shi. "Kuma ga wasu sun lanƙwashe awa lauje."

Yaya ya ce su ne ke maƙalewa a hanya su sa ciwon ƙashi, kuma ba sa daɗewa suke mutuwa. Ya ce jinin bai yi mata yawa ba, ƙaranci ya yi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, bai ambaci ƙaho ba.

Baba ya ɗago kai. Karo na farko a rayuwata na ga ya dubi Yaya ido cikin ido.

"Na auta ma haka shike?"

"Ban ga jininai ba, Baba."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Yaya ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Haka shike. Amma lokacin nan babu wanda ya sani."

Ina tsaye a ƙofar zaure ina jiran tsohon ya rushe. Ya dubi ƙahon da ke gefensa, ya mayar da shi zabira a hankali, ya ɗaure bakinta. Da kansa ya shiga ɗaki ya ɗauko jikarsa, ya ƙi bari kowa ya karɓe ta har ya kwantar da ita a mota. A Konni ɗaliban Yaya suka yi ta waya har aka dace da jinin da jikinta ya karɓa. Tana nan da ranta, har ta fi ni baki.

Daga ranar Baba bai daina ƙaho ba, manya na zuwa yana yi musu. Amma in aka kawo yaro mai ciwon ƙashi, sai ya ja fatar idonsa ya duba, ya ce a wuce da shi gidan likita, kuma ya bi wanzaman da ya koya wa aiki har gidajensu ya gaya musu haka. Ina yawan tsokanar Yaya da cewa a duk ɗalibansa babu wanda ya kai wannan saurin ɗaukar karatu.

Abin da na fi tunawa kuwa shi ne ranar da muka dawo daga Konni. Bayan la'asar Yaya ya shiga zaure yin sallama zai koma Yamai. Sai Baba ya tambaye shi tun yaushe ya san maganar auta. Yaya ya ce tun shekararsa ta farko a karatun likita.

"Kuma ka riƙe ta kai ɗai, har kai ya yi hurhura," in ji Baba.

Ya jawo kwanon ruwa, ya sa ni na ɓare masa sabuwar reza, don ya san halin ɗansa, ba ya yarda da askar da ta taɓa wani. Sannan ya nuna tabarmar da ke gabansa. Yaya ya cire hula ya zauna ya sunkuyar da kai. Ba wani gashin kirki a kan, na rantse, amma Baba ya jiƙa hannu ya dafa shi, ya yi ta askin nan a hankali har aka kira magariba.